Majalisar Sarakunan Arewa, 1947 zuwa 1966: Doka a Kaduna, Shari'a a Fada

Lacca da aka gabatar a Dutse a gaban taron malamai, ɗalibai da masu riƙe da sarauta

  

Duk lokacin da aka taso da gyaran tsarin mulkin Nijeriya, sai maganar ba sarakuna gurbi ta dawo. Masu goyon baya sukan kafa hujja da cewa a zamanin Sardauna sarakuna suna da majalisarsu a Kaduna. Haka ne, suna da ita. Sai dai ba kasafai ake tsayawa a tambayi aikin da majalisar take yi ba idan an gama busa algaita an rufe ƙofa. Wannan aiki na yau da kullum shi zan duba, sannan in auna inda ya shafi mutanen ƙasar Dutse da maƙwabtansu.

Yadda aka kafa ta

Tun 1930 Turawa suka fara tara manyan sarakunan Arewa a Kaduna don shawara. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya mayar da wannan taro majalisa, ya kuma kafa Majalisar Wakilai a gefenta. A lokacin duka biyun shawara kawai suke bayarwa, kuma Bature ne ke shugabantar zama. Ikon yin doka ya zo da tsarin Macpherson na 1951, ya ƙaru da na 1954 wanda ya ba Arewa Firimiya, wato Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959.

Zuwa 1960 duk sarki mai daraja ta ɗaya ɗan majalisa ne saboda sarautarsa. Bayan su akwai kujeru 95 na sauran sarakuna, da kujerar mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Sarkin Gwandu Haruna ne ke shugabantar zauren a shekarunsa na ƙarshe. Ana zama a Lugard Hall, ginin da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take ciki a yau, ana kuma muhawara da Hausa da Turanci, domin tsarin mulkin Arewa ya amince da harsunan biyu.

Su wa ke wakiltar ƙasar da ta zama Jigawa? Haɗejiya da Gumel da Kazaure masarautu ne masu En'e (hukumar mulkin gargajiya) ta kansu, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru Haruna ne a Haɗejiya, Maina Muhammadu Sani a Gumel, Adamu a Kazaure. Dutse kuwa, duk da tsufan sarautarta, gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Haka Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Ringim. Sarkin Dutse hakimi ne, ba shi da kujera a wancan zaure. Bakin da ke magana da sunan talakan Kiyawa ko na Jahun a cikin sarakuna shi ne Sarkin Kano: Abdullahi Bayero har 1953, sai Muhammadu Sanusi, sai Muhammadu Inuwa na 'yan watanni a 1963, sai Ado Bayero.

Aikin doka

Zaman shekara yakan buɗe da jawabin Gwamna, inda ake shimfiɗa abin da gwamnati ke niyyar yi. Babban aiki shi ne kasafin kuɗi, wanda dole a gama kafin shekarar kuɗi ta shiga ranar 1 ga Afrilu. Shirin dokar kuɗi a Majalisar Wakilai yake farawa, sannan ya iso gaban sarakuna. Kowane shirin doka sai an karanta shi sau uku, a tsakani a bi shi sashe-sashe. Akwai tambayoyi ga ministoci da ƙudurori, kuma kowa ya san irin abin da ke damun mai riƙe da ƙasa a lokacin: hanyar mota, rijiya, asibiti, makaranta, farashin gyaɗa da auduga, haraji da jangali. Akawu na rubuta duk abin da aka faɗa, a buga shi littafi.

Majalisar tana da haƙori a takarda. Doka ba ta tabbata sai zaurukan biyu sun yarda, idan kuma suka saɓa sai a kira zaman haɗin gwiwa na wakilai daidai-wa-daida daga kowane ɓangare. A zaman haɗin gwiwa na majalisun ne kuma ake tabbatar da sanatoci 12 da Arewa ke aikawa Legas. Wasu manyan sarakuna, irin su Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Kano Sanusi da Sarkin Katsina Usman Nagogo, ministoci ne marasa ma'aikata, saboda haka tun a majalisar zartarwa sukan ga shirin doka kafin ya fito fili. Wannan ya sa gardama mai zafi ba ta cika isowa zauren ba. Ana kashe ta a cikin gida, zaman kuma ya ƙare cikin 'yan kwanaki.

Mai karanta littattafan muhawarar zai iya ɗauka cewa babu abin da ke faruwa sai godiya da addu'a. Idan ya bi dokokin da suka wuce ta hannun zauren, zai ga cewa ta nan aka bi aka rage ikon sarakunan kansu, kuma da amincewarsu. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai yana neman a sake duba tsarin En'e. Abin da ya biyo baya shi ne kawar da matsayin sarki mai cin gashin kansa, aka ɗaure shi da shawarar majalisarsa, kuma Dokar En'e ta 1954 ta tattara wannan tsari. Dokar Ƙasa ta 1962 ta bar ragamar filaye a hannun minista. Tsarin mulki ya kafa wani ƙaramin kwamitin sarakuna a ƙarƙashin shugabancin Firimiya don naɗi da tuɓewa. A 1963, bayan binciken wani jami'i mai suna Muffett kan kuɗin En'e ta Kano, Sarki Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Kujerarsa a Majalisar Sarakuna ba ta kare shi ba.

Aikin shari'a

A nan majalisarmu ta bambanta da wadda aka kwaikwaya. Majalisar Dattawan Ingila ta daɗe tana haɗa aiki biyu a rufi ɗaya: tana yin doka, tana kuma sauraron ƙarar ƙarshe. Daga 1876 aka riƙa naɗa mata ƙwararrun alƙalai don wannan aiki, kuma ba a raba ta da shi ba sai 2009, lokacin da aka buɗe Kotun Ƙoli ta Birtaniya. Zauren Kaduna bai taɓa zama kotu ba. Amma manyan 'ya'yansa alƙalai ne idan sun koma gida. Sarkin da ya amince da doka a Kaduna cikin Maris, shi ne zai zauna a fada cikin Afrilu yana yanke hukunci.

An kasa kotunan En'e daraja huɗu. Kotun babban sarki irin na Kano tana daraja ta farko, tana da ikon yanke hukuncin kisa, ko da yake ba a zartarwa sai Gwamna ya tabbatar. Sarki yana zama da waziri da malamai masana fiƙihun Malikiyya, suna duba kisan kai da rikicin gona da ƙarar da aka ɗaukako daga ƙasa. Lauya ba ya tsayawa a waɗannan kotuna. To ku dubi mutumin ƙauyen Dutse da aka ƙwace wa gona. Zai fara da mai unguwa da dagaci, ya je gaban alƙalin gunduma, idan bai gamsu ba ya ɗauki guzuri ya nufi birnin Kano, tafiyar kwanaki a ƙasa. Hakimin da ke karɓar harajinsa, da alƙalin da ya yi masa shari'a, da ɗan dokan da ya kamo shi, da gidan yarin da za a kai shi, duk na En'e ɗaya ne, kuma shugaban En'en shi ne alƙalin ƙarshe a masarautar. Idan sarki adali ne, talaka ya sami shari'a mai sauri, mai araha, cikin harshen da yake ji. Idan aka sami akasi, babu inda zai kai kuka a kusa. Wannan ne babban ƙorafin jam'iyyar NEPU tun kafa ta a 1950, domin 'ya'yanta sun sha gurfana a gaban waɗannan kotuna saboda siyasa.

Shari'a ɗaya ce ta fito fili da rikicin da ke tsakanin fiƙihu da dokar Turawa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, bisa dalilin cewa an tunzura shi, kuma a kundin laifuffukan Turawa irin wannan kisa ba ya kai ga rataya. A fiƙihun da kotun Sarki ta bi kuwa, tunzurawa ba ta kawar da ƙisasi. Sarakuna da alƙalai suka ɗauki abin a matsayin shisshigi, aka yi ta gyaran doka ana warwarewa har shekara goma.

Da 'yanci ya matso, kuma Hukumar Willink ta saurari tsoron ƙananan ƙabilu, gwamnatin Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ta haifi kundin laifuffukan da muke kira Final Kod, wanda aka gina a kan na Sudan. Kafin a kai shi majalisa sai da malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka bi shi. Majalisun biyu suka zartar da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Daga ranar, kotun sarki ma da wannan kundi take hukunta laifi. Aure da saki da gado suka ci gaba a kan fiƙihu, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Ba a taɓa yin canjin da ya kai wannan girma a harkar shari'ar Arewa ba tun zuwan Turawa, kuma ta hanyar karatu na ɗaya da na biyu da na uku ya wuce, kamar kowace doka.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisar. Gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta soke kotunan sarakuna, dokar Kotunan Yanki ta 1967 ta ɗauke alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. 'Yan doka da gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'e, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Abin da ya rage mana

Dutse ta sami sanda ne bayan duk wannan ya wuce. Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, aka soke a 1983, sannan ta tabbata bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Yau Dutse ɗaya ce cikin masarautu biyar, tare da Haɗejiya, Gumel, Kazaure da Ringim, kuma tana da ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun da Miga. Tsarin mulkin 1979 ya ambaci majalisar sarakuna a jiha. Na 1999 bai ambace su ba. Doka aikin 'yan majalisa 30 ne da ke zama a nan garin.

Daga wannan tarihi ina ganin abu uku. Na farko, kujera a majalisa ba ta ba sarauta kariya. An tuɓe sarakuna lokacin da majalisar take tsaye, domin takardar tuɓewa tana hannun mai mulki. Wanda ke son mutuncin sarauta ya fara da dokar naɗi da tuɓewa, a rubuta dalili, a ba wanda ake tuhuma damar kare kansa.

Na biyu, kada a sake haɗa mai mulki da alƙali a jiki ɗaya. Sulhun da iyayenmu ke yi kullum tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin magada, aiki ne mai daraja da ke rage wa kotuna cunkoso, kuma ya kamata doka ta san da shi ta ba shi ma'aikata da rajista. Amma hukunci na alƙali ne wanda za a iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Na uku, abin da ya fi amfani a majalisar Kaduna shi ne an sa minista ya amsa tambaya a fili kuma an rubuta amsar. Majalisar Sarakunan Jigawa za ta iya samun irin wannan ba tare da jiran Abuja ba. Dokar jiha ta isa ta ce duk shirin dokar da ya shafi filaye, burtali, kasuwanni, aure ko makarantun allo a aika mata, ta ba da ra'ayi a rubuce cikin wa'adi, a karanta shi a zauren majalisar dokoki kafin a kaɗa ƙuri'a.

Zan rufe da roƙo ga malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wani masani, Allan Christelow, ya ɗauki rajistar majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas, wadda aka rubuta da Larabci, ya fitar da littafi a 1994 wanda masu bincike ke amfani da shi har yanzu. Muhawarorin Majalisar Sarakuna da fayilolin Lardin Kano suna nan a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Ku je ku kwafo abin da ya shafi gundumominmu. Iyayenmu hakimai da zuriyar tsofaffin alƙalai da muhutai, ku buɗe akwatunanku a ɗauki hoton takardun haraji da na shari'a kafin gara ta cinye su, a kuma naɗi muryar dattawan da suka ga zamanin En'e tun suna raye. Duk wanda zai je gaban kwamitin gyaran tsarin mulki da sunan Jigawa, ya je da waɗannan takardu a hannunsa.