Jawabi Ga Samarin Ƙetaren Gwari: Shakka Daban, Raini Daban

Jama'a, a Ƙetaren Gwari ta Minna, kamar yadda yake a Agege ta Ikko da Sabo ta Ibadan, akwai samari 'yan boko waɗanda suka daina gaskata camfi. Wannan abin yabo ne. Amma fa waɗansunsu sun mai da shi hanyar yi wa iyaye dariya, alhali wanda aka yi wa dariya ba ya tsayawa ya saurara.

A dubi cutar shan-inna. Mutanen da sun ɗauka wata iska ce, watau Inna, take shanye ƙafar yaro. A 2003 Jihar Kano ta tsai da rigakafinta, tsoron jama'a kuwa yana da tushe, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Gori bai komo da kowa ba. Sarakuna da malamai ne suka yi ta lallashin magidanta, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka.

Sa'an nan tilas mai shakka ya binciki kansa. Wanda ya bar boka ya koma haɗiye maganar wani mashahuri a intanet ba bincike, ubangida kurum ya sake. Lalle ya nemi hujja wurin abokan ra'ayinsa kamar yadda yake nema wurin kakarsa, in ta bayyana kuma ya bi ta, ko da ba ta yi masa daɗi ba.

A yaƙi camfi da hujja, mai camfi kuwa a ba shi girmansa.