Jawabi ga malaman makarantun allo a kan komawa karatu

Ya ku 'yan'uwana malamai, ku saurara, zan fara da aibin kaina.

Shekara bakwai ina karantar da Ahalari a zaurena, ina ce wa almajirai wanda ya haɗa ragi da ƙari cikin salla ya yi ba'adi. Rannan wani baƙon malami ya kwana gare ni, ya ji, ya ja ni gefe ya ce ƙabli ne. Na buɗe littafi, ga shi kuwa a rubuce. Waɗanda suka ɗauka daga bakina sun watse garuruwa, waɗansu ma sun kafa tsangayunsu, ban san inda zan same su ba. Tun ran da na zauna a buzu ban sake durƙusawa gaban kowa ba, shi ya jawo mini.

Magabata ba haka suka yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta naɗa jaji ta ba ta malfa ta sallame ta shi ke nan ba. Jajis suna komowa wurinta da ayarin mata, su karɓi sabon karatu, su kai ƙauyukansu.

To, ga abin da nake roƙonku. Alhamis ba mu da yara. Mu taru da hantsi a zaure guda, kowa ya kawo hizbi ɗaya a ruwayar Warshu gaban wanda ya fi mu tajwidi, a gyara masa a bainar 'yan'uwa, babba ne ko ƙarami. Bayan azahar a ɗauki babi ɗaya na Iziyya ko Risala. In an gama girbi, mu keɓe kwana goma mu bi Ajurumiya daga farko, gama da yawanmu mun haddace ta ba mu san i'irabin abin da muke biyawa ba.

Na san abin da ke hana mu, kunya ce, kada almajiri ya ga malaminsa riƙe da allo. Sai kuma guzurin na nesa. Wannan kowa ya cire kaɗan daga kuɗin Laraba, a danƙa wa amintacce.

Alhamis mai zuwa ni zan fara kawo nawa hizbin. Wassalam.