Riƙon Amana a Zaman Jira: Koyarwar Kirista da Misalin Kano

Duk wanda ya ji sunan unguwar Soron Ɗinki a cikin birnin Kano, maɗinki ne zai fara faɗo masa a rai. Shi kuwa maɗinki, yadin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Mai kaya ya kawo, ya tafi, kuma zai dawo ya ga abin da aka yi. Wannan shi ne kwatanci mafi kusa da abin da Kirista ke nufi da riƙon amanar rayuwa, watau cewa lafiya da ilmi da dukiya duk ajiya ce, kuma za a bincike su ranar da Mulkin da suke jira ya bayyana.

Tushen koyarwar yana cikin Linjilar Matiyu, sura ta 25. Wani maigida zai yi tafiya, sai ya raba wa bayinsa uku dukiya: talanti biyar, da biyu, da ɗaya. Biyu suka juya nasu har ya ninka, na ukun kuwa ya binne nasa don tsoro. Da maigidan ya dawo, wanda ya binne shi ya sha hukunci, alhali bai ci ko anini ba. Laifinsa shi ne zaman banza. Haka kuma Manzo Bulus, wanda shi kansa maɗinkin alfarwa ne, ya tsawata wa waɗansu mutanen Tasalonika da suka daina aiki, ya umarce su da su ci guminsu.

Tarihin Kano ya gwada wannan koyarwa. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso birnin, Sarki Alu ya sallame su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu ma ba ta yarda a yi wa'azin mishan a cikin ganuwa ba, don haka majami'u suka tsaya a Sabon Gari. To, me mai jira zai yi in an rufe masa ƙofa? Miller ya duƙufa a kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Ƙungiyar SIM ta karɓi jinyar kutare a Yadakunya a 1937, sannan ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yake hannun ECWA har yanzu.

Ba a rasa masu zargin cewa maganin tarko ne na jawo mutane cikin addini ba, kuma masu mishan ba su taɓa ɓoye burinsu na wa'azi ba. Amma mafi yawan waɗanda aka buɗe wa ido Musulmi ne, sun kuma koma gida da addininsu. A nan ne ma'aunin yake: idan hidimar ta dogara ga tuban mara lafiya, ciniki ce, idan an yi ta ko ya tuba ko bai tuba ba, amana ce.

A taƙaice dai, jira a wannan koyarwa ba naɗe hannu ba ne. Maɗinkin kirki bai san sa'ar da mai kaya zai sallama ba, saboda haka kullum allura na hannunsa.