Muhawara ta waya: abin da rufe makarantu ya nuna mana



An ce in yi magana kan shirin muhawara da jagorancin ɗalibai da muka gudanar ta waya lokacin korona. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa Isufu Mahamadu ya ba da sanarwar rufe makarantu daga 20 ga wata, aka killace Yamai, ba a koma aji ba sai 1 ga Yuni. Sama da wata biyu ke nan ɗan tarminal da Bak ke gabansa yana zaune gida, ko fada wurin shayi. Wasu ƙasashe sun koma karatu ta bidiyo. Mu nan, bidiyon minti goma ya isa ya cinye forfen dala ɗari, in ma rezo ya yarda, in ma kuran ya bari batir ya cika.

Don haka muka tsaya ga abin da ke hannun mutane, wato WhatsApp da saƙon murya, bokal ɗin nan da kowa ya iya. Ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da na Damagaram da Tawa, su ma suna zaune gida. Kowane ya ɗauki ƴan ƙanne kaɗan, su ɗauko hoton aikinsu na lissafi ko falsafa, ya gyara da biro, ya ɗauki hoto ya mayar. Wannan ɓangaren ya tafi daidai, ba zan tsaya kansa ba.

Muhawarar ce nake so mu duba. Da safe a saka batu cikin gurup, a raba ɓangare biyu ta ƙuri'a, ba kai ke zaɓen inda za ka tsaya ba. Kowa minti biyu. Sai doka guda wadda ba ta da sassauci: kafin ka mayar da martani, sai ka fara maimaita hujjar abokin karawarka, har shi da kansa ya ce "e, abin da na faɗa ke nan". In bai amince ba, ka sake. Walle wannan dokar ta fi komi ba su wuya. Mu duka mun taso muna jiran mai magana ya yi shiru don mu faɗi tamu, saurare kuwa ba a koya mana shi ba.

Kuma ba mu guje ma batutuwa masu zafi ba. Kuna tune da rufe masallatai, da abin da ya biyo baya a Mirriya da unguwannin Yamai, har aka sake buɗe su ranar 13 ga Mayu. Mun saka batun: daidai ne a rufe masallaci alhali kasuwa na ci? Yaron da ransa ke tafasa kan rufewar, ƙuri'a ta jefa shi ɓangaren hukuma, dole ya nemo yadda cuta ke yaɗuwa cikin sahu. Wanda ke ganin masu bore jahilai ne, dole ya bayyana me ya sa mutum zai ji an raina shi in an yanke hukunci kan sallarsa ba tare da an zauna da shi ba. Ban ce sun canza ra'ayi ba, yawancinsu ba su canza ba. Amma sun gama ba zagi, a makon da manya ke jifar juna da kafirci a Facebook.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. Mun bar kowa ya yi da Hausa, Zabarmanci ko Faransanci. Yaran da mushe ya daɗe da sa su cikin sahun marasa ƙoƙari, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ga su suna jera hujja, suna kawo misali, suna kama mutum da maganarsa. Ashe tunanin na nan, tsoron kuskuren nahawun Faransanci ne ya rufe bakin. Daga baya jagora ya ce: to, zauna ka rubuta min wannan da Faransanci. Ai rubutun falsafa na Bak shi ke nan, ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka tsaya wani wuri da dalili. Malamai da ke cikin zauren nan, ku gwada shi a aji ko sau guda.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Wa ya samu shiga? Ɗan birni, mai babbar waya, ko mai wan da zai ara masa. Ɗan kwalejin ƙauye da ke biyan kuɗin caji a kasuwa bai ma ji labarinmu ba. Ƴan mata kuma wayar ta baba ce ko ta yaya, sai dare take dawowa gida, kuma ba kowane gida ke yarda muryar ɗiyarsa ta shiga gurup ɗin da akwai samari ba. Wasu sun riƙa aiko da nasu a rubuce, wata ta karanta musu. Ilimin da ke tafiya ta waya yana bin hanyar da kuɗi ya riga ya bi.

Ga kuma tsoro. A wancan lokacin, dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 kan yaɗa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiya, kuma a watannin korona an kama mutane da ita. A ƙarshen Mayu 2020 majalisa ta amince da dokar sauraren saƙonnin jama'a. Akwai iyayen da suka cire ƴaƴansu daga gurup saboda haka, kuma ni ban ga laifinsu ba. Ta yaya za ka ce ma yaro ya koyi faɗin ra'ayinsa, alhali bokal na minti biyu na iya kai shi gidan kaso? Sannan bayan zaɓen Fabrairun 2021 aka yanke intanet na waya kwana goma. Duk abin da muka gina ya tsaya cak, ba don cuta ba.

Shi ya sa zagaye na gaba ba zai dogara ga intanet kaɗai ba. Za mu nemi gidajen rediyon karkara su ba mu rabin awa a mako, da yardar iyaye, a saka muhawarar da aka naɗa. Za mu zuba su cikin katin memori a kai kwalejojin ƙauye. Gurup na ƴan mata zai samu jagorori mata. A ɓangaren hukumomi, buƙatarmu ita ce a gyara wancan sashe na dokar 2019, kuma kada a sake yanke intanet.

Mai tsohuwar waya da ke aiki, ko awa biyu a mako da zai ba ƙanne, takarda na nan bakin ƙofa.