Madarar Jarirai: Koyar da Haɗi Ya Fi Yin Shiru



Babu mai musu a cikinmu ma'aikatan lafiya cewa nonon uwa shi ne abincin jariri, kuma shi kaɗai ya ishe shi har wata 6. Sai dai akwai jariran da ba su samu ba: wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa ya faɗa hannun kaka, da wanda uwarsa ke kwance ana ba ta maganin ciwon daji. In an sami mai shayarwa lafiyayya a dangi, wannan ya fi. In ba a samu ba, madarar gwangwani ce ta rage. Hujjata a yau ita ce, shirun da muke yi a asibitoci game da haɗa wannan madara, da sunan kare shayarwa, ba ya kare jariri ko ɗaya. Barin kakar nan kawai muke yi da rubutun jikin gwangwani, wanda galibi da Turanci yake.

Tsoronmu yana da asali. Tun 1939 Dakta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta yi jawabi a Singafo tana la'antar tallan madara ga matalauta. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallan abin da ke maye gurbin nono, wadda a Najeriya NAFDAC ke sa ido a kanta. Amma ita kanta ƙa'idar, a sashe na 6, ta ce ma'aikacin lafiya ne zai nuna haɗin ga iyalin da ke buƙata, ya kuma faɗa musu haɗarin kuskure. Talla aka hana, ilimi kuwa wajibinmu ne.

Abin da yawancin masu reno ba su sani ba shi ne, garin madara, ko da sabon buɗewa ne, ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba. Yana iya ɗauke da Salmonella ko Cronobacter, mai jawo sanƙarau ga sabon haihuwa da bakwaini. A 2017 kamfanin Lactalis na Faransa ya janye madara saboda Salmonella, a 2022 kuma Abbott ya rufe masana'antarsa ta Sturgis a Amurka bayan rahoton jariran da suka kamu da Cronobacter. Shi ya sa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO suka fitar a 2007 ta ce a zuba gari a ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. A aikace, a wanke hannu, a tafasa ruwa, kada ya wuce minti 30 da saukewa. Ruwan ake fara aunawa a bulumboti, sannan a ɗebo gari da cokalin gwangwanin a share samansa, ba tozo. A girgiza, a tsoma bulumbotin cikin kwanon ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da ya kai awa 2 a zubar. Ruwan leda ma sai an tafasa shi, don tsabtarsa ba ta kashe abin da ke cikin garin.

Wasu za su ce ruwan zafi yana rage wasu bitamin. Gaskiya ne, kaɗan yake ragewa, kuma ba a kwatanta wannan asara da sanƙarau. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta aljihu: gawayi da gas sun yi tsada, ba firji, ba wutar lantarki, ta yaya za a tafasa ruwa sau 8 a yini? Filas mai tsabta da aka cika da tafasasshen ruwa yana riƙe zafi na wasu awoyi, kuma ya rage wahalar dare. Amma tsadar tana da wata fuska da ta fi muni. Gwangwani na neman ƙarewa, sai a rage cokali a ƙara ruwa; ciki ya cika, yaro na ramewa, gishirin jininsa na iya faɗuwa har ya yi jijjiga. Wani kuma ya cika gari don ɗa ya yi ɓulɓul, ya ɗora wa ƙodarsa nauyi. Iyalin da ba a zauna da su an yi lissafin gwangwani nawa wata zai ci ba, tsarma madara za su yi, ko su koma madarar shayi da koko, waɗanda ba abincin ɗan wata 2 ba ne.

A nan nake ganin ya kamata mu yi shakkar bulumbotin kansa. Lungunan robar bakinsa suna riƙe madara, ba sa fita sai da buroshi da tafasawa, ga shi ana jingina shi da matashi a bar yaro shi kaɗai, ya ƙware ko kunnensa ya kamu. Ƙaramin kofi kuwa ya fi sauƙin wankewa da sabulu da ruwan zafi, kuma dole mai reno ta ɗauki jaririn a zaune, ta kai bakin kofin leɓensa ya riƙa kurɓa da kansa, ba ɗura ba. Shawarata ita ce, kafin a sallami duk jaririn da zai dogara da madara, ungozoma ko nas ta sa mai renonsa ta haɗa ta ba shi da kofi a gabanta, a keɓe, ba a bainar masu jego ba.