Zargin Zagon Ƙasa: Darasi Daga Wani Wasan Talabijin



A shekarar 1991, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, an nuna a Amurka wani kashi mai suna The Drumhead na wasan ƙagaggen labarin kimiyya, Star Trek: The Next Generation. A cikinsa wani sashe na injin jirgin sararin samaniya ya fashe, aka turo wata babbar hafsa, Norah Satie, ta binciki zagon ƙasa. Injiniyoyi suka tabbatar ƙarfe ne ya gaji, babu hannun kowa. Duk da haka ba ta janye ba. Ta tasa wani ƙaramin ma'aikacin jinya gaba don kakansa jinin abokan gaba ne, daga bisani ta tuhumi shugaban jirgin, Picard, da cin amana saboda ya kare yaron.

Dattawan Birnin Kudu da Gwaram ba baƙin wannan hali ba ne. Sun ga gwagwarmayar NEPU da NPC, sun kuma ga yadda PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, lokacin da kalmar "maci amana" ta yi araha a bakin 'yan siyasa.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, idan famfon gari ya tsaya ko takarda ta ɓata a ofis, ku fara tambayar abin da ya lalace kafin ku tambayi jam'iyyar mai kula da shi. Zato zunubi ne, kuma wanda ya shafa wa abokin hamayya kashin kaji yau, gobe shi za a shafa wa.