Yadda Likita Ke Gano Sanadin Zawo

An umarce ni in yi muku bayani a kan zawo, watau gudawa, da hanyar da likita ke bi ya gano abin da ya kawo shi, domin rabin aikin nan a hannunku yake.

Zawo alama ce, kamar hayaƙi, wanda yakan tashi daga murhu, yakan kuma tashi daga gobara. Likitoci sukan ce mutum yana zawo idan ya yi bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye cikin kwana guda. To, kafin likita ya nemi sanadi, sai ya fara duba yawan ruwan da ya fita daga jikin majiyyaci, gama rashin ruwan nan shi ke kisa. Yakan duba ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, in jariri ne ko maɗiga ta lotsa. Yakan tsunkuli fatar ciki ya saki. In ta daɗe ba ta koma ba, lalle ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. Nan take za a fara ba da ruwan gishiri da sukari, ko a yi ƙarin ruwa ta jijiya, bincike ya biyo baya.

Sa'an nan tambayoyi. Yaushe ya fara? Wace kama bayan gidan ke da ita? In ruwa ne zalla ga ƙaramin yaro, tare da amai da ɗan zazzaɓi, galibi wata ƙwayar cuta ce da ake kira rota, wadda kafso ba ya kashe ta. A 2022 aka shigar da rigakafinta cikin rigakafin yara a Nijeriya. In da jini da majina, da murɗar ciki, wannan atuni ne, kuma maganinsa dabam. In zawo ya kai kwana 14, likita yakan nemi tamowa ko wata cuta mai daɗewa kamar ƙanjamau. Yakan kuma tambayi ko yaro ya yi ƙyanda kwanan nan, ko an sha wani magani, na kanti ko na gargajiya. Kada a ɓoye masa wannan don kunya.

Iyaye mata sukan ce, ai haƙori ne. Likita ba ya karɓar wannan amsa. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, sa'ad da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki, kuma aka fara ba shi kunu da ruwan randa. Yara da yawa sun salwanta ana jiran haƙori ya gama fitowa.

Amma tambayar da ta fi shafarku ita ce: wane ne kuma ya kamu? In mutum goma suka ci tuwon suna guda, suka kwanta da amai a daren nan, abincin ake tuhuma. In kuwa manya ne ke faɗuwa a gidaje dabam dabam, bayan gidansu fari kamar ruwan wankin shinkafa, har wani ya rasu cikin yini guda, sai likita ya yi zaton kwalara, ya tambayi rijiyar da suke sha. Za a ɗebi bayan gidan a kai ɗakin gwaji, a duba da madubi mai ƙara girman abu, a kuma reni ƙwayar cutar har ta bayyana. Wannan yakan ɗauki kwanaki, kwalara kuwa ba ta jira.

A birnin Landan, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana rubuta waɗanda kwalara ta kashe, ya sa su a taswira. Sai ya ga sun kewaye famfo guda. Ya roƙi hukumar unguwa, aka cire hannun famfon. A lokacin likitoci ba su ma yarda ƙwayar cuta ke kawo kwalara ba. Abin da ya yi aikin magatakarda ne, alƙalami da takarda da sawu.

A 2021 mutum fiye da 3,000 kwalara ta kashe a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Na san wani dagaci yakan ji nauyin kai rahoto, don kada a ce garinsa ne da annoba, ko a hana cin kasuwa. Ranku ya daɗe, ku nuna musu ba laifi ba ne. Ku kuma Malamai, in labari ya zo, ku rubuta unguwa, da shekarun majiyyaci, da ranar da ya fara, da kamar bayan gidan, da inda gidan ke ɗiban ruwa, da ko an yi taron biki ko jana'iza a makon. Ku aika wa asibiti mafi kusa a ranar, kada ku jira rahoton ƙarshen wata. Kafin likita ya iso, a tafasa ruwa lita guda, in ya huce a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba majiyyaci kurɓi kurɓi, mai shayarwa kuma kada ta daina ba da nono.